Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magadan Gari Da Kansiloli Kan Kuɗin Birni Da Aikin 'Yan Sanda

Masu girma magadan gari, shugabannin majalisun birane da kansiloli,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto muku wannan wasiƙa aikinmu bin diddigin kuɗin hukuma ne da duba ƙorafin jama'a a kan jami'an tsaro. A cikinmu akwai akantoci, akwai masu binciken kuɗi, akwai lauyoyi. Buƙatarmu guda ce. Duk kuɗin da ya fita daga baitulmalin birni, da duk mutumin da ɗan sanda ya tare, ya kama ko ya ɗora wa hannu, a samu takardar da ke ɗauke da sunan wanda ya ba da umarni, kuma a fito da ita tun tana da amfani, ba sai bayan zaɓe ya wuce ba. Mun haɗa kuɗi da 'yan sanda a wasiƙa ɗaya domin a birane da yawa tsaro na cikin abubuwan da suka fi cin kasafi, kuma ɓarnar da aka yi a ɓangare ɗaya sau da yawa ɗaya ɓangaren ne ke rufa mata asiri.

Bari mu fara da ofishin ma'aji. A garin Dixon na jihar Illinois a Amurka, garin da mutanensa ba su wuce 16,000 ba, mace ɗaya mai suna Rita Crundwell, ma'ajin garin, ta kwashe dala miliyan 53.7 tsakanin 1990 da 2012. Ba wata dabara mai zurfi ta yi ba. Ta buɗe asusun banki da suna mai kama da na hukuma, tana ƙirƙiro takardun neman biya na ayyukan da babu su, tana tura kuɗin can, tana sayen dawakai. Abin da ya ba ta dama shi ne ita ke rubuta cek, ita ke riƙe da littattafan lissafi, ita kuma ke karɓar takardun da banki ke aikowa. Asirinta bai tonu ba sai da ta tafi dogon hutu a 2011, wata ma'aikaciya ta nemi banki ya aiko da bayanin duk asusun da ke da sunan garin. An yanke mata ɗaurin shekara 19 da wata 7 a 2013. Shekara da shekaru masu binciken kuɗi na waje suna duba littattafan garin suna sa hannu, daga baya su da bankin suka biya garin dala miliyan 40.

Maganin wannan ba shi da tsada. Wanda ya nemi a sayi kaya daban, wanda ya amince daban, wanda ya biya daban, wanda ke daidaita lissafin ofis da na banki a ƙarshen wata shi ma daban, kuma kada ya kasance yana da hannu a cek. Kada a biya ko sisi sai takardu uku sun yi daidai da juna: takardar odar kaya, takardar shaidar an karɓi kayan a sito, da takardar neman biya ta ɗan kwangila. Sau ɗaya a shekara mai binciken kuɗi ya rubuta wa kowane banki da kansa, ya nemi jerin duk asusun da aka buɗe da sunan birnin, amsar ta zo hannunsa kai tsaye ba ta ofishin ma'aji ba. Sannan duk mai taɓa kuɗi ya tafi hutun dole na mako biyu a jere kowace shekara, wani ya hau kujerarsa. Ma'aikacin kuɗi da ke alfahari da cewa bai taɓa zuwa hutu ba, a duba littattafansa da kyau kafin a yaba masa.

Albashi ma haka. A birnin Bell na jihar Kalifoniya, inda mazauna ba su kai 40,000 ba kuma yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne, jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo a 2010 cewa manajan birnin, Robert Rizzo, na karɓar kusan dala 800,000 a shekara, shugaban 'yan sanda na karɓar dala 457,000, kansiloli kuma kusan dala 100,000 kowannensu a aikin da ba na cikakken lokaci ba. Yawancin kuɗin kansilolin ta hanyar alawus na wasu kwamitoci yake fitowa, kwamitocin da zamansu na 'yan mintoci ne. Ƙofar ta buɗe ne tun 2005, a wani zaɓe na musamman da ya sauya tsarin mulkin birnin, wanda masu kaɗa ƙuri'a ba su kai 400 ba. Saboda haka idan za ku wallafa albashin manyan jami'ai, ku wallafa jimillar abin da ya shiga aljihun kowa, har alawus na zama, na gida, na mota da na tafiye-tafiye. Jerin sunayen masu karɓar albashi kuma a riƙa gwada shi da rajistar zuwa aiki duk wata uku. Ma'aikacin bogi yana da alamu: lambar asusu ɗaya ga sunaye biyu, mutumin da shekarun ritayarsa suka wuce yana nan cikin jeri, sunan da ba ya cikin jadawalin aikin kowane sashe.

Game da kasafin kuɗi, kuskuren da majalisu suka fi yi shi ne su yi ta muhawara a ranar amincewa, daga nan kuma su manta da shi har shekara ta zagayo. Kasafin da aka amince da shi alkawari ne kawai. Abin da ke nuna gaskiya shi ne rahoton aiwatarwa. Muna so a fitar da shi kowane wata, kafin ranar 20 ga watan da ke biye, kowane layi da ginshiƙai huɗu: abin da aka amince, abin da aka saki, abin da aka kashe, abin da ya rage. A sa shi a intanet a tsarin da mutum zai iya saukewa ya yi lissafi da kwamfuta, domin hoton takarda mai shafi ɗaruruwa babu mai iya tace shi. A nan ne za a ga kuɗin gyaran magudanun ruwa ya koma sayen motocin jami'ai a tsakiyar shekara. Sauya wa kuɗi gurbi ba laifi ba ne idan buƙata ta taso, amma duk sauyin da ya haura kashi 5 cikin 100 na layin ya dawo gaban majalisa a kaɗa masa ƙuri'a. Layin nan na "sauran kashe-kashe" shi ma a sa masa iyaka, don duk abin da ake jin nauyin ambata can ake cusa shi. Kuma a haɗa da jerin basussuka: kuɗin 'yan kwangila da ba a biya ba, fansho, da shari'un da ke gaban kotu. Majalisar Birmingham a Ingila ta ayyana a watan Satumban 2023 cewa ba ta iya daidaita kasafinta, kuma babban abin da ya durƙusar da ita bashin daidaita albashin mata da na maza ne, wanda aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760. Irin wannan bashi ba rana ɗaya yake taruwa ba.

Kwangila kuwa, gaggawa ce babbar abokiyar gabarku. A watan Disambar 2008 majalisar birnin Shikago na Amurka ta amince a ba wani kamfani hayar wuraren ajiye motoci kusan 36,000 na tsawon shekara 75 a kan dala biliyan 1.15. Kwanaki kaɗan kansiloli suka samu su duba yarjejeniyar, suka amince da ƙuri'a 40 da 5. A 2009 babban jami'in da ke binciken ayyukan hukumar birnin ya ƙiyasta cewa an yi asarar kusan dala biliyan ɗaya. Yarjejeniyar ta kuma tanadi cewa idan birnin ya rufe titi ya hana ajiye mota, sai ya biya kamfanin. Babu wanda ya ɓoye wannan ciniki, a zauren majalisa aka yi shi, lokacin karantawa kawai aka hana mutane. Don haka duk yarjejeniyar da za ta ɗaure birni fiye da wa'adin majalisar da ke kai, a ajiye cikakken rubutunta a bainar jama'a kwana 30 kafin ƙuri'a, tare da ƙimar da wani masani mai zaman kansa ya yi.

Ƙananan kwangiloli su ma suna da hanyoyin ɓarnarsu, kuma sanannu ne. Idan doka ta ce aikin da ya kai wani adadi sai an yi gasar tayi, sai a yanka aikin gida uku, kowane yanki ya tsaya ƙasa da iyakar kaɗan. Ana gane wannan idan aka jera biyan da aka yi wa kamfani ɗaya cikin wata uku. Ko kuma kamfanoni uku su shigo gasa alhali adireshinsu ɗaya, lambar wayarsu ɗaya, har kuskuren rubutun da ke takardunsu iri ɗaya. Ko a ci gasa da farashi mai rahusa, bayan wata biyu a zo da takardar ƙarin aiki da ta ninka kuɗin. Ku sa dokar cewa ƙarin da ya haura kashi 15 cikin 100 sai ya dawo majalisa. Kada a ba da kuɗin kafin alƙalami sai da lamunin banki, kuma a riƙe kashi 5 zuwa 10 na kuɗin aiki har wa'adin gwaji ya cika. A rubuta sunan mutanen da suka mallaki kamfani na haƙiƙa, a gwada da takardar bayyana kadarori ta kansiloli da manyan ma'aikata. Ƙasar Yukren ta wajabta yin sayayyar gwamnati ta manhajar ProZorro a 2016, inda kowa ke iya ganin wanda ya yi tayi da farashinsa da wanda ya ci. Birnin da bai da ƙarfin irin wannan manhaja zai iya farawa da jadawali ɗaya a shafinsa na intanet da kwafi a allon sanarwa.

Kalma ɗaya kan binciken kuɗi. Tun 2003 gwamnatin Brazil ta riƙa zaɓar ƙananan hukumomin da za a bincika ta hanyar ƙuri'ar sa'a a gaban jama'a. Masanan da suka nazarci tsarin sun gano cewa inda rahoton ya fito kafin zaɓen 2004, magadan garin da aka samu da almundahana sun fi faɗuwa, musamman a wuraren da ke da gidan rediyo na yankin. Lokacin fitar rahoto yana da nauyi daidai da abin da ke cikinsa. Mai binciken kuɗi ya riƙa kai rahoto ga majalisa, kada magajin gari ya iya korarsa shi kaɗai, rahoton ya fito cikin wata shida bayan rufe shekara, kowace shawara da ke ciki a rubuta mata sunan jami'in da zai gyara da ranar da zai gama.

Yanzu ga 'yan sanda. Mun san a ƙasashe da yawa rundunar tana hannun gwamnatin tsakiya, wasunku za su ce ba huruminsu ba ne. To amma birni na ba da motoci, mai, gine-gine da alawus, yana kuma da nasa jami'an: masu kula da zirga-zirga, masu tsaron kasuwanni, masu karɓar haraji da tara. Duk wanda kuka ba kuɗi kuna da ikon gindaya masa sharaɗin kawo rahoto, duk wanda kuka sa wa kaki kuma laifinsa na wuyanku.

Abu mafi hatsari shi ne mayar da ɗan sanda mai tara wa birni kuɗin shiga. Rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a watan Maris na 2015 kan garin Ferguson na jihar Missouri ya nuna yadda abin ke tafiya daki-daki. A 2010 garin ya samu dala miliyan 1.38 daga tara da kuɗin kotu. A kasafin 2015 an sa ran samun dala miliyan 3.09, wato kusan kashi 23 cikin 100 na kuɗin shigarsa. An samu saƙonnin da daraktan kuɗi ya aika wa shugaban 'yan sanda yana neman a ƙara yawan takardun tara. Rahoton ya kawo labarin wata mata da aka ci tarar dala 151 a 2007 saboda ajiye mota ba daidai ba. Ta kasa biya a kan lokaci, ta rasa wasu ranakun kotu, aka kama ta sau biyu, ta kwana shida a tsare. Bayan shekara bakwai ta biya dala 550, kuma ana binta dala 541. Baƙaƙen fata su ne kashi 67 cikin 100 na mazauna garin, amma su ne kashi 93 na waɗanda aka kama. Wannan zalunci daga takardar kasafi ya faro, kuma kansiloli ne suka amince da takardar. Muna roƙonku ku haramta ɗora wa jami'i adadin tara ko kamun da zai kawo. Kuɗin tara ya tafi babban asusu ta banki, da rasit mai lamba, kada jami'i ya karɓi tsabar kuɗi a hannu, kada kuma rundunar da ta ci tarar ta samu kaso a ciki. A riƙa tambayar ƙarfin mutum kafin a yanka masa tara, rashin kuɗi kuma kada ya zama dalilin kulle kowa.

Kuɗin aikin ƙarin lokaci wata kafa ce. A birnin Baltimore na Amurka, jami'an wani rukuni na musamman mai farautar bindigogi da aka gurfanar a 2017, bayan fashin da suka yi wa mutane, an same su da karɓar kuɗin awannin da ba su yi aiki ba. Abin dubawa a nan mai sauƙi ne: a gwada takardar neman kuɗin da littafin aiki, da rajistar kiran rediyo, da bayanin inda motar sintiri take a lokacin. A fitar da sunayen jami'ai 20 da suka fi karɓa duk wata uku, a kai wa kwamitin kuɗi. Man mota a gwada shi da nisan da mota ta yi, harsashi a ƙirga shi lokacin fita da lokacin dawowa.

Sai diyya, wadda a ganinmu ita ce lissafin da aka fi ɓoye wa jama'a. Binciken jaridar Washington Post a 2022 ya nuna manyan rundunoni 25 a Amurka sun jawo biyan fiye da dala biliyan 3.2 cikin shekara goma don sasanta ƙararraki, kuma sama da dala biliyan 1.5 daga ciki ya shafi jami'an da aka biya diyya saboda su fiye da sau ɗaya. Birnin Minneapolis ya biya iyalan George Floyd dala miliyan 27 a 2021, jami'in da ya kashe shi kuma yana da ƙorafe-ƙorafe sama da 15 a fayil ɗinsa tun kafin ranar. Yawanci ana biyan irin wannan kuɗi daga babban asusu ko da bashi, don haka rundunar ba ta jin zafinsa, sai ɗakin karatu da asibiti su ji. Ku nuna diyya a cikin kasafin rundunar. Ku fitar da rahoton shekara mai nuna kowace ƙara, abin da aka biya, ofishin da abin ya faru da matakin da aka ɗauka a kan jami'in. Ku kafa tsarin gargaɗin wuri: jami'in da aka kawo ƙorafinsa sau uku cikin wata 12, ko wanda amfani da ƙarfinsa ya zarce na abokan aikinsa nesa, a zauna da shi a duba aikinsa tun kafin a kai ga gawa.

Kada kuma ku amince da sasanci kan abin da ba ku gani ba. A watan Oktoban 2014 wani ɗan sandan Shikago ya harbi Laquan McDonald, yaro ɗan shekara 17, sau 16. A watan Afrilun 2015, kwanaki bayan zagaye na biyu na zaɓen magajin gari, majalisa ta amince a biya iyalansa dala miliyan 5. Bidiyon kyamarar motar 'yan sanda bai fito ba sai watan Nuwamba, bisa umarnin kotu, kuma ya saɓa wa abin da jami'ai suka rubuta a rahotanninsu. A 2018 aka samu jami'in da laifin kisa. Wata 13 hujjar tana hannun hukuma.

Wannan ya kawo mu ga kyamarar da ɗan sanda ke maƙalawa a jikinsa, wadda birane ke kashe maƙudan kuɗi a kanta. Wani gwaji da aka yi da jami'ai sama da 2,000 a birnin Washington, wanda sakamakonsa ya fito a 2017, bai ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan amfani da ƙarfi ko ƙorafi tsakanin masu kyamara da marasa ita. Na'urar ba ta aiki sai da ƙa'ida. A rubuta lokacin da dole a kunna ta, da hukuncin wanda ya kashe ta. Ajiyar bidiyo ta kasance inda jami'in da shugabansa ba za su iya gogewa ba, a riƙe kowane bidiyo aƙalla kwana 90, wanda ya shafi rauni ko mutuwa a riƙe shi har shari'a ta ƙare. Jihar Kalifoniya ta sa wa'adin kwana 45 na fitar da bidiyon harbi ko mummunan rauni, sai idan akwai dalilin bincike da aka bayyana. Kuma tun kafin saye ku lissafa kuɗin ajiyar bidiyo na shekara biyar, domin sau da yawa ya fi kuɗin kyamarorin.

A ofishin 'yan sanda, littafin tsare mutane shi ne kariya ta farko: suna, lokacin kamu, dalili, jami'in da ya kawo shi, raunin da ke jikinsa lokacin shigowa, kayan da aka karɓa a hannunsa, lokacin da aka sanar da danginsa, lokacin da ya ga lauya, lokacin da ya fita ko aka kai shi kotu. Shafuka su kasance masu lamba a jere don kada a yage ɗaya. A Ingila akwai 'yan sa kai da doka ta ba ikon shiga ɗakunan tsare mutane ba tare da sanarwa ba, su gana da waɗanda ke ciki, su duba littafin. Tsari ne mai arha ƙwarai.

Hukumar karɓar ƙorafi kuma, idan za ku kafa ta, ku ba ta haƙora. Arewacin Ailan na da ofishi mai zaman kansa da ke binciken ƙorafi kan 'yan sanda tun 2000, Kenya da Afirka ta Kudu sun yi dokokin kafa nasu a 2011. Abin da ke kashe irin waɗannan hukumomi abu uku ne: ba su da ikon tilasta a ba su takardu da shaidu, masu bincikensu aro ne daga rundunar da suke bincika, kuma kasafinsu na hannun wanda za su iya fusatawa. Ku ɗaure kasafinta da wani kaso tsayayye na kasafin rundunar. Mai ƙorafi ya iya kai kukansa wani wuri da ba ofishin da aka ci zarafinsa ba, a ba shi rasit mai lamba, a gaya masa inda aka kwana cikin kwana 30. Idan shugaban 'yan sanda ya ƙi bin shawarar hukumar, ya rubuta dalilinsa a fili.

Za a ce muku bayanan tsaro sirri ne. Sunan mai tsegunta wa 'yan sanda sirri ne, shirin samamen da ba a kai ba sirri ne. Kuɗin mai, yawan mutanen da aka kama a wata da adadin waɗanda suka mutu a tsare ba sirri ba ne. Kuɗin da ya zama dole a ɓoye bayaninsa, a sa masa iyaka, kuma ƙaramin kwamiti da ya haɗa da ɗan adawa ya duba rasit ɗinsa a asirce tare da mai binciken kuɗi.

Abu na ƙarshe ya shafe ku kai tsaye. Ku daina amincewa da kasafi, bashi, babbar kwangila ko diyya ta hanyar amsa murya gaba ɗaya. A kira sunan kowane kansila, a rubuta abin da ya zaɓa, a wallafa cikin kwana bakwai, wanda yake da alaƙa da kamfanin da ake magana a kai ya bayyana ya fita daga zauren. Wannan ba ya buƙatar ƙarin kuɗi ko izinin wata gwamnati ta sama, gyaran ƙa'idar zaman majalisa ya isa, kuma kansila ɗaya da mai mara masa baya za su iya gabatar da shi a zama na gaba. Muna roƙon kowace majalisa ta bayyana a rubuce, cikin kwana 60, waɗanne daga cikin waɗannan matakai take aiki da su, waɗanne za ta fara da kuma ranar farawa, waɗanne ta ƙi da dalilinta.

Mun gode da lokacinku.

Naku,
Wasu akantoci, masu binciken kuɗin hukuma da lauyoyi